Daga Diga zuwa Takalmin Roba: Tarihin Katafila a kan Hanyar Tsafe, Gusau da Bunguɗu

Abin da wannan lacca za ta duba ƙaramin abu ne ƙwarai a ido. Wani ɗan faifan ƙarfe ne da aka liƙa wa roba mai kauri, ake ɗaura shi a kan sarƙar katafila, faifai bayan faifai, domin kada haƙoran sarƙar su kekketa kwalta idan injin ya hau hanya. Ana iya kiransa takalmin roba, tun da aikin takalmi yake yi, sai dai shi ƙasa yake karewa daga ƙafa. Mai sauraro yana iya tambayar me ya haɗa masanin tarihi da kayan makanikai. Amsar ita ce, babu mai damuwa da takalmin nan sai a inda aka riga aka shimfiɗa hanyar da ta isa a ji tsoron ɓata ta, kuma kafin ƙasar Tsafe da Gusau da Bunguɗu ta kai wannan matsayi an sha wuya mai yawa, an zubar da gumi, a wani wurin ma har da jini.

Hanya kafin zuwan inji

Garuruwan nan uku suna jere ne a kan layi guda, daga kudu maso gabas zuwa arewa maso yamma. Wanda ya fito daga Zariya ya wuce Funtuwa, Tsafe zai fara tararwa, kusa da kufan 'Yandoto, tsohon garin malamai wanda rundunar Muhammadu Bello ta ci wajen 1806. Daga nan sai dutsen Kwatarkwashi, sai Gusau, wadda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a farkon ƙarni na 19, sa'an nan Bunguɗu a bakin gulbin Sakkwato, kafin a miƙa zuwa Maru da Talatar Mafara. Fatake sun daɗe suna bin wannan yanki da jakuna da takarkarai, amma hanyarsu turba ce wadda ƙafa da kofato suka fitar. Ba ta bukatar gyara sai sassabe, kuma in damina ta yanke ta sai ayari ya kewaye, ko ya sauke kaya ya jira rafi ya janye.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, hanyar da suke bukata wata iri ce daban: mai faɗi, miƙaƙƙiya, wadda soja da wayar tangaraho da kuɗin haraji za su bi ba tsaiko. Ba su zo da inji ba, kuma ba su zo da kuɗin da zai biya lebura ba. Saboda haka sai suka kafa doka wadda ta ɗora wa sarakuna da hakimai nauyin share hanyoyi da gyara su, watau dai talaka ne zai yi. Hakimi ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da mai unguwa, mai unguwa ya bi gida gida. Kayan aiki su ne diga da fartanya da gatari da kwando. A haƙo marmara a zuba a kwando, a ɗauka a ka, a juye, a baje, a daɓe da itace kamar yadda mata suke daɓen ɗaki. Sai bayan da aka yi yarjejeniyar duniya a kan aikin tilas a 1930, Nijeriya ta yi tata dokar a 1933, sa'an nan abin ya ragu. Duk da haka dokar ta bar ƙofa a buɗe ga abin da ta kira ƙananan ayyukan gayya, kuma da yaƙin duniya na biyu ya zo aka koma ɗibar mutane daga lardunan Arewa, har da na Sakkwato, zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944.

Jirgin ƙasa ya iso Gusau a 1929, ya wuce zuwa Ƙauran Namoda inda dogo ya ƙare. Wannan shi ne abin da ya sauya matsayin garin. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, aka kafa gidan gurzar auduga, Sabon Gari ya cika da baƙi, gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa kwararowa daga Tsafe da Bunguɗu da ƙauyukansu zuwa tasha. Sai hanya ta zama baiwar dogo, aikinta shi ne ta kai kaya bakin jirgi. Manyan motoci suka fara bin ta da rani, da damina kuwa sai a sa shinge a tsare su bayan an yi ruwa har ƙasa ta sha iska, domin taya guda a kan jiƙaƙƙiyar marmara tana iya ɓata aikin mutum ɗari. Lalle ya kamata a riƙe wannan shinge a zuci, domin shi ne kakan takalmin roba: tun ran nan hukuma ta gane cewa abin da yake amfani da hanya shi ne kuma yake cinye ta.

Asalin sarƙa da asalin roba

Kalmar katafila sunan kamfani ce, Caterpillar, wanda ma'anarsa a Turanci ita ce tsutsar nan mai cin ganye. Bahaushe ya ɗauki sunan ya raɗa wa duk wani babban inji mai tafiya a kan sarƙa, ko wane kamfani ya ƙera shi. Asalinsa kuwa daga gona ne. A yankin Stockton na jihar Kalifoniya ta Amurka akwai fadama mai albarka wadda ƙasarta ke da taushi ƙwarai, har manyan injunan noma masu aiki da tururi suna nutsewa a cikinta. A watan Nuwamba na 1904 wani maƙerin injuna, Benjamin Holt, ya cire ƙafafun baya na wani injinsa ya sa sarƙa a madadinsu, ya ɗaure mata guntayen katako. Injin ya riƙa shimfiɗa wa kansa hanya a gaba yana naɗe ta a baya. A wannan shekarar kuma wani injiniyan kamfanin Hornsby a Ingila, David Roberts, ya yi rajistar irin tasa sarƙar. Yaƙin duniya na farko ya ɗauki dabarar ya haifi tankar yaƙi a 1916, kuma a 1925 kamfanin Holt ya haɗe da na abokin gasarsa Best, aka sami kamfanin Caterpillar.

Hikimar sarƙa ita ce raba nauyi. Injin haƙa mai nauyin tan 20 yana danna ƙasa da ƙarfin da bai wuce kimanin rabin kilo a kan kowace santimita murabba'i ba, watau kusan daidai da tafin ƙafar mutum a tsaye, alhali tayar babbar mota tana dannawa da wajen kilo 7. Shi ya sa katafila take ratsa fadamar da jaki ma sai ya yi dabara. Amma wannan lissafi a ƙasa mai taushi kaɗai yake aiki, inda haƙoran sarƙa suke nutsewa, faifan duka ya kwanta. A kan kwalta haƙoran ba su da wurin shiga, sai nauyin injin gaba ɗaya ya taru a kan bakinsu, wanda bai fi kaurin yatsa ba. Daɗin daɗawa, katafila ba ta juyawa kamar mota. Sarƙa ɗaya take tsayarwa ko ta rage mata gudu, ɗayar ta ci gaba, saboda haka duk juyi guda murza ce da kankara.

Ita kuwa roba ta riga sarƙa zuwa. Charles Goodyear ne ya gano a 1839 cewa idan aka dafa danƙon itacen roba da farar wuta ba ya narkewa da zafi, ba ya kuma tsagewa da sanyi. Wanda ya fara haɗa ta da sarƙa har abin ya yi suna shi ne wani Bafaranse, Adolphe Kégresse, mai kula da motocin Sarkin Rasha Nikolas na Biyu, wanda ya ƙera ɗamara mai lanƙwasa domin tafiya a kan ƙanƙara. Da ya koma Faransa sai kamfanin Citroën ya karɓi dabarar. Daga 17 ga Disamba 1922 zuwa 7 ga Janairu 1923 motoci biyar masu taya a gaba da ɗamarar roba a baya suka ratsa Sahara daga Tugurt ta Aljeriya zuwa Tumbutu. A ƙarshen 1924 wasu takwas suka biyo ta Yamai da Tasawa da Damagaram a kan hanyarsu ta zuwa tafkin Cadi. Abin lura a nan shi ne, ƙasar Hausa ta ga ɗamarar roba tana tafiya a kan rairayinta shekara biyar kafin jirgi ya yi kuka a Gusau. Ta wuce ne kawai a matsayin abin kallo, domin babu kwaltar da za ta kare, kuma robar wancan zamani ba ta iya ɗaukar injin tura ƙasa.

Sojoji ne suka ci gaba da aikin. Tun shekarun 1930 Amurka ta riƙa sa wa sarƙar tankokinta dunƙulen roba, don rage ƙara da girgiza da kuma ɓarnar titi. Da Japan ta kama Malaya a 1942, roba ta yi wuya ƙwarai, Ingila ta juyo kan Afirka ta Yamma, aka matsa wa mutane neman danƙo har a daji. Bahaushe dama ya san danƙon gamji da na ciwo, kuma na gamji ya taɓa shiga kasuwar Turai da sunan jar robar Kano, amma robar masana'antu a kudu take, wajen Binin da Sapele da Kalaba.

Zuwan katafila ƙasar Gusau

Bayan yaƙi, musamman daga shirin raya ƙasa na shekara goma wanda aka fara a 1946, injuna suka fara maye gurbin kwando a hannun Ma'aikatar Ayyuka da En'e. Daga wajen 1950 wani reshe na kamfanin UAC ya riƙa dillancin injunan Caterpillar a Nijeriya. Kwaltar farko siririya ce, faɗin mota guda, in an haɗu kowa ya sauke ƙafa ɗaya a burji. Ana fesa baƙin mai a kan marmarar da aka daɓe da rola, a watsa tsakuwa, a sake. Irin wannan shimfiɗa ba ta fi kaurin yatsa ba, aikinta kawai ta hana ruwa shiga, ƙarfin hanya kuwa yana cikin marmarar da ke ƙasa.

Ambaliyar injuna sai a shekarun 1970, da kuɗin man fetur. A 1974 Gwamnatin Tarayya ta karɓi hanyoyi masu yawa daga hannun jihohi, kamfanonin ƙasashen waje suka shigo da buldoza da gireda da tifa. A tsakiyar shekarun nan kuma Bankin Duniya ya ba da rance aka kafa manyan ayyukan raya noma guda uku na farko a Nijeriya, a Funtuwa da Gusau da Gwambe. Aikin Gusau ya fitar da hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, ya gina ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da taki. Ƙauyawa da yawa a nan suka fara ganin katafila ido da ido, kuma dattijon da ya ɗauki marmara a ka yana saurayi ya tsaya ya ga inji guda ya ture a wuni ɗaya abin da garinsu duka zai kwashe a mako.

Sai dai ba za a faɗi wannan tarihi da gaskiya ba in an tsallake Bakolori. Gulbin da ya ratsa Gusau da Bunguɗu shi ne aka datse a kusa da Talatar Mafara, aikin da kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi, aka gama madatsar a 1978. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka tashi dubban mutane. A ƙasan madatsar kuma injuna suka shiga gonakin gado suna baje su domin noman rani, suna tuge itatuwa masu amfani, suna shafe iyakokin da kowa ya san gonarsa da su, manoma suka yi damina bayan damina ba su shuka ba, diyya kuwa ta zama abin jayayya. Da suka gaji sai suka tsare hanyoyin aikin, suka hana injuna motsi. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen wurin da masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Tun daga lokacin kalmar katafila take da fuska biyu a bakin mutanen wannan yanki, mai kawo hanya da mai rushe gida, kuma wanda ya ji an ce an sa wa unguwa katafila ya san ba hanya ake nufi ba.

Da kuɗin mai suka ja baya, aka karya darajar naira a 1986, kayan gyara suka gagara saye. Injunan da aka sayo da rance suka yi ta mutuwa a farfajiyar ma'aikatu, ana cire na wannan a gyara wancan. Hukumomi suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, DFRRI a 1986, PTF a tsakiyar shekarun 1990, FERMA a 2002, kowace da alkawarin gyaran hanya. A ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni. A nan ne matsalar da ake magana a kanta ta fito fili, domin birnin jiha kullum cikin haƙa yake. A shimfiɗa titi bana, baɗi a zo da injin haƙa magudanar ruwa a gefensa, sa'an nan masu bututun ruwa, sa'an nan masu wayar sadarwa. Aikin ya tashi daga jeji, inda babu abin ɓatawa, ya koma cikin gari a kan kwaltar da aka riga aka biya.

Abin da takalmin yake karewa

A can ƙasashen waje an riga an nemo maganin abin. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Bridgestone na Japan ya fitar da sarƙar roba zalla domin injunan girbin shinkafa, daga baya ƙananan injunan haƙa masu aiki a lungunan birane suka ɗauke ta. A wajen 1986 Caterpillar da kansa ya fitar da tarakta mai ɗamarar roba. Amma ga manyan injuna masu sarƙar ƙarfe, takalmi ya fi sauƙi, kuma iri uku ne. Akwai wanda ake ɗaurewa da ƙusa mai noti ta cikin ramukan faifan sarƙa. Akwai mai maƙata a gefe, wanda ake kamawa a kan faifan, shi ne mafi saurin sawa da cirewa. Na uku kuwa sai an kwance faifan ƙarfen gaba ɗaya a sa shi a madadinsa, kai tsaye a kan sarƙa. Injunan shimfiɗa kwalta da masu kankare tsohuwa, waɗanda a kan titi suke wuni, da takalminsu suke fitowa daga masana'anta.

Yanayin wannan yanki yana ƙara wa maganar nauyi. Baƙin man kwalta yana fara laushi ne a wajen digiri 50 na ma'aunin zafi, kuma da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, fuskar titi da tsakar rana tana wuce haka. Haƙorin ƙarfe a kan irin wannan kwalta kamar wuƙa ne a kan man shanu. Sawun da ya bari ba ya tayar da hankali da rani, ana gani a wuce. Sai ruwan Yuli da Agusta ya sauka, ya bi tsagar ya shiga marmara, marmara ta jiƙe ta saki, tayar tirela ta danna ta tsotso laka, kafin kaka rami ya buɗe. Ramin da ya fara da faɗin tafin hannu shi ne yake karya gindin mota, shi ne kuma yake tilasta wa direba rage gudu, abin da a shekarun nan na 'yan bindiga ya zama maganar rai da mutuwa a tsakanin Tsafe da Gusau.

Ba daidai ba ne, duk da haka, a ɗora wa katafila laifin da ya fi ƙarfinta. Gwajin hanyoyi da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da gatarin mota yake ɗauke da shi sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya tana ninkuwa kusan sau 16. Da jirgin ƙasa ya durƙushe, kayan da dogon 1929 yake ɗauka, siminti da taki da hatsi da man fetur, duk suka koma kan kwalta, sau da yawa fiye da ƙima. Tirela mai lodin wuce kima ita ce babbar mai cin hanya. Katafila buɗe mata ƙofa take yi, kuma bambancinsu shi ne ɓarnar katafila ana iya hana ta gaba ɗaya da kuɗi kaɗan.

Masu aikin ba jahilan wannan ba ne. Ƙa'ida ita ce a ɗora injin a kan doguwar tirela mai gajeren gado a kai shi wurin aiki. In kuwa tsallaka titi kawai zai yi, sai lebura su jera tsofaffin tayoyi ko katako, injin ya taka, su riƙa ɗauko na baya suna kaiwa gaba. Wannan dabara ta yi daidai da al'ummar da ta mai da tsohuwar taya takalmi, ta mai da tsohon tiyub guga, kuma tana aiki sarai in tazarar taƙi ashirin ce. Ba ta aiki ga injin da zai bi gefen titi kilomita biyu yana haƙa magudana yana juyi. A nan sai lissafin ɗan kwangila ya shigo. Hayar tirela kuɗi ce, takalmi kuɗi ne, ramin da zai fito bayan damina biyu kuwa ba a cikin takardarsa yake ba, aljihun hukuma zai shafa, ko na mai mota. Inda takardar kwangila ta ce wanda ya ɓata titi shi zai gyara, kuma injiniyan hukuma ya tsaya a kan haka kafin ya sa hannu a biya, takalmin yakan samu.

Akwai kuma maganar inda ake samo shi. Nijeriya tana noman roba, tana da cibiyar bincikenta a Iyanomo kusa da Binin, ta kuma taɓa mallakar manyan masana'antun taya guda biyu, na Michelin a Fatakwal da na Dunlop a Ikeja, tun farkon shekarun 1960. Na farko ya rufe a 2007, na biyu ya daina ƙira a 2008. Ɗanyar roba takan fita ta jirgin ruwa, takalmin da aka ƙera da irinta ya dawo da kuɗin waje, ya sauka a Ikko, ya hau tirela ya biyo ta Zariya da Funtuwa da Tsafe, a kan hanyar nan da aka saye shi don ya kare.

Shi kansa takalmin yana da iyaka. Roba ba ta jure kaifin dutse, saboda haka injin da zai shiga wurin fasa duwatsu irin na ƙasar Kwatarkwashi, ko ramin haƙar marmara, dole a kwance masa shi, in ba haka ba tsakuwa ta yayyanka shi cikin 'yan kwanaki. Baƙin mai da gas suna cin sa, rana tana busar da shi in an bar shi a fili. Yana kuma rage wa buldoza kamun ƙasa, shi ya sa aka fi ganinsa a kan injin haƙa, wanda a tsaye yake aikinsa. Injin haƙa mai tan 20 yana da faifai wajen 45 zuwa 50 a kowane gefe, watau kusan takalmi 100 ke nan da za a ɗaura ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure kowanne da sifana, a kuma kwance su ranar da injin zai koma jeji.